Kwarin da Nagaba Ya Sare

Ba kowa ne ya san sunansa na gaskiya ba, ko a cikin jikokinsa. Nagaba ake ce masa tun yana saurayi, saboda bai iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da mutane ba. In an fita gona tare, kafin a ci rabin hanya ya yi wa kowa fintinkau, sai dai a riƙa hango ƙeyarsa. Mahaifiyarsa takan ce ko ranar da za ta haife shi bai tsaya jiran ungozoma ba.

Gidan ubansa gida ne mai yawan maza da ƙarancin ƙasa. Da tsohon ya rasu aka raba gona, rabon Nagaba ya faɗo a kan wani gangare mai tsakuwa, ɗan siriri, wanda in jaki ya kwanta a cikinsa, kansa na gonar wa, wutsiyarsa na gonar ƙane. Ya noma shi damina bayan damina, abin da yake girbewa ba ya kai su bazara. Ruwan sha ma aiki ne. Matarsa takan fita da tulu gari bai gama wayewa ba, ta dawo rana ta take, har gammo ya cinye mata gashin tsakiyar kai. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, shi kuwa wannan shirun nata ya fi ƙorafi ci masa rai.

Wani maharbi ne ya ba shi labarin kwarin. Ya ce can bayan dazuzzuka akwai kogin da ba ya ƙafewa, ƙasar bakinsa baƙa wuluk, ciyawa ta fi mutum tsawo, kuma babu mai ita. Nagaba ya tambaye shi me ya sa babu kowa a wuri irin wannan. Maharbin ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai nama yake bi, ba ya daɗewa a wuri ɗaya balle ya yi bincike.

Da rani ya tsaya Nagaba ya ɗaura wa jakinsa kaya: iri, gatari, fartanya, tukunya da tabarma. Ya ɗauki matarsa, da ɗansu na fari wanda bai daɗe da yin famfara ba, da 'yar jaririya a goye. Ƙanensa ma ya biyo shi, wani dogon saurayi mai yawan dariya da ake ce wa Gajere don tsokana, domin sai ya rusuna yake shiga ɗaki. 'Yan'uwa suka rako su bakin gari suna cewa kafin damina za su dawo da ƙafarsu. Nagaba bai waiwaya ba.

Sun yi kwanaki suna tafiya. Hanya ta ƙare, suka bi turbar namun daji, ita ma ta ƙare, sai da gatari suke samun wurin sa ƙafa. Ƙarar ruwan suka fara ji kafin su gan shi. Maharbin bai yi ƙarya ba. Kogi ne mai gudu, yana faɗowa a kan duwatsu yana farin kumfa. Nagaba ya durƙusa ya damƙi ƙasa, ya murza, ya sansana, ya ji ƙwalla na neman zubo masa.

Matarsa ce ta fara lura da abin da ke cikin ciyawa: duwatsun niƙa da suka lotsa saboda aiki, fasassun tukwane, da tushen ɗakuna a jere. Kufai ne, kuma da gani ba ƙaramin gari aka yi a wurin ba.

"Maigida," ta ce, "masu waɗannan duwatsun ina suka tafi?"

"Yaƙi ne ya tashe su, ko fari."

"Fari? A bakin wannan ruwan?"

Ya ce ta gode wa Allah, ta tsinci dutsen niƙa a kyauta.

Gajere na tsaye yana marin wuyansa da damatsansa. Wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje ne, ba su kai ƙwayar hatsi ba, suna cizo su bar ɗigon jini. Ya nuna wani tudu da ke can nesa da ruwa ya ce, "Yaya, mu hau can mana. Akwai iska, ga shi waɗannan 'yan banzan sun ishe ni tun da muka sauko."

Nagaba ya dubi tudun, ya auna nisansa da kogi, sannan ya dubi tsakiyar kan matarsa inda ɗankwali ya zame. Ya ce, "A nan za mu sauka. Ta gama zuwa ɗibar ruwa nesa."

"To," in ji Gajere, "matar yaya ta zama sarauniya, mu kuma abincin ƙuda."

"Kai da wannan tsawon naka," ta ce, "kafin su kai fuskarka ai sun gaji."

Suka yi dariya su duka, suka sauke kayan jaki a inda suke tsaye.

Shekarar farko ta ba su wuya. Suka sare itatuwa, suka ƙone kututture, suka kafa ɗaki ɗaya da 'yar bukka. Kafin shuka ta kai gwiwa guzuri ya ƙare, sai kifi da ganye suke ci. Ana tsakiyar damina zazzaɓi ya kama jaririyar, bai sake ta ba. Nagaba da ƙanensa suka haƙa kabarin, suka yi mata sutura su biyu, babu liman, babu maƙwabci, babu wanda zai zo ya ce a yi haƙuri. Washegari ya dawo daga gona ya tarar matarsa ta ɗaure tukunya da tabarma.

"Mu koma," ta ce.

"Mu tafi mu bar ta ita kaɗai a daji?"

Ta sunkuya ta kwance kayan. Shi ya san a ransa ba don yarinyar kaɗai ya faɗi haka ba. Dawa ta fara ɗaukar ciki, kuma tun da yake bai taɓa ganin shuka mai irin wannan ƙarfi ba.

Da kaka ta yi, sai da suka gina rumbu na biyu. Nagaba ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi girma, kowace kamar damtsen ƙato, ya saɓa ya koma garinsu. Ya zube su a ƙofar gidan ubansa, gaban yayyensa da duk wanda ya zo kallo, ya ce, "Kun ce zan dawo da ƙafata. To ga ni, ga kuma abin da ƙafar ta ɗauko." Ya ce duk mai hannu biyu da gatari ya biyo shi, ƙasa na nan ba ta da iyaka.

Mutane suka biyo shi kuwa, gida biyu a shekarar, gidaje da dama a ta gaba. Shi ke rabon fili. Yakan shige gaba da gatarinsa yana sarar bishiyoyi, ya ce daga nan zuwa nan naka ne, kuma ba a musa masa. Maƙeri ya zo ya kafa maƙera a ƙarshen layi, wata mai ginin tukwane ta zo da 'ya'yanta, aka sami liman, aka sami wanzami. Gidaje suka jeru a bakin kogi, kowa na son ƙofarsa ta kalli ruwa. Gajere ya yi aure ya koma kamun kifi, wuni yake a kan duwatsu da komarsa. Matar Nagaba ta haifi mace, ita ce haihuwar farko da aka yi a wurin, sai aka riƙa kiranta 'Yar Gari. Bayanta an sami maza biyu, amma ba su yi rai ba.

A waɗannan shekarun babu gidan da ya kwana da yunwa. In Nagaba ya ratsa layi da safe, daga kowace ƙofa gaisuwa ake miƙo masa, shi kuma yana amsawa ba tare da ya rage sauri ba.

Abu ɗaya ne kowa ke fama da shi, ƙaiƙayi. Da farce ake fara susa, a koma totuwar masara, a koma katangar tukunya, wasu har da bayan wuƙa. A kasuwannin nesa ana yi musu ba'a, ana cewa in ka ga mutum na ciniki da hannu ɗaya, ɗayan na cikin riga, to ɗan kwari ne. Su ma sukan yi dariya. Fatar ƙwauri ta fara yin dabbare-dabbare, wasu ƙulluttai suka fito wa mutane a kwankwaso da haƙarƙari. Wanzami ya yi ƙaho ya yi tsaga, ba abin da ya canja.

Gajere ne ya fara cewa yana ganin hayaƙi da safe alhali ba wanda ya hura wuta. Daga nan ya wuce matarsa a bakin ruwa bai gane ta ba, aka yi ta yi masa tsiya ana cewa wata yake nema. Sai aka lura yana rusunawa a inda babu ƙofa, yana kuma buga goshi a inda take. Dariya ta tsaya. Aka ɗiga masa ruwan ganye iri-iri, aka yi turare, aka yi addu'a. Kafin a yi kaka biyu idanunsa sun yi fari fat, bai ko yi furfura ba.

Bayansa sai maƙeri, sai wani magini, sai maza biyu 'yan gida ɗaya. Akwai wata babbar bishiya a tsakiyar layi da aka bari don tsofaffi su riƙa hutawa. Inuwarta ta cika da ƙarti masu ƙarfi a jika, suna zaune da sanduna tsakanin gwiwoyi, fuskokinsu na kallon sama.

Wata rana Nagaba na auna wa wasu baƙi fili, sai matar maƙeri ta zo ta tsaya a gabansa. Tun da mijinta ya makance ita ke jan zuga-zugi, ita ke noma, hannuwanta duk ƙuna.

"Har yanzu kiran mutane kake yi?" ta ce. "Ka zo garinmu da zangarniya a kafaɗa, ba ka gaya mana da ido ake biyanta ba. Ka gaya wa waɗannan, tun suna ganin fuskarka."

Baƙin suka dubi juna. Nagaba ya ce musu su yi mata uzuri, wahala ce ta taɓa ta. Ya ce ciwon ido ai a ko'ina ana yinsa. Ya ci gaba da sarar bishiyoyi, baƙin suka karɓi filin suka gode. Ranar bai iya cin abinci ba, amma bai koma ya ce musu komai ba.

Ɗansa na fari ya girma a lokacin, ya yi aure har da 'ya'ya. Wata yamma ya same shi yana wasa gatari a tsakar gida, ya tsuguna a gefe.

"Baba, mu tashi daga wurin nan."

"Zuwa ina?"

"Ko'ina ne. Inda yarana za su girma da idanunsu."

"Da hannuna na sare wurin nan."

"Ka sare, Baba, ba wanda ya musa. Amma dubi Baffa. Dubi gindin bishiyar can. Masu kufan da muka tarar ba yaƙi ne ya kore su ba, kai ma ka sani."

Nagaba ya ci gaba da goga gatarin a dutse. Ya sani ɗin. Ya daɗe da sani. Amma in ya ce a tashi, ya yarda ke nan cewa shi ya jawo kowane ɗaya daga cikin mutanen da ke gindin bishiya zuwa duhu, kuma wannan kaya ne da bai ga kafaɗar ɗaukarsa ba. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In ka fita daga kwarin nan, kada ka dawo ka ce kana da uba a cikinsa."

Ɗan ya miƙe a hankali. "Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Bayan girbi ya kwashi iyalinsa ya tafi, gidaje da dama suka bi shi. A cikinsu har da mijin 'Yar Gari, wanda ya ce ta zaɓa, ko shi ko iyayenta, ta ce ya sauka lafiya. Uwar ta raka ɗanta har inda gonaki suka ƙare, ta dawo da idanu a kumbure. Ta ci gaba da dafa wa Nagaba abinci tana ajiye masa ruwan wanka, amma sai da damina ta sake zagayowa kafin ta yi masa maganar da ta wuce gaisuwa.

Gajere bai daina barkwanci ba, sai dai barkwancin ya yi ɗaci. In Nagaba ya zo ya zauna kusa da shi, yakan lalubo gwiwarsa ya ce, "Yaya, kai ne Nagaba, amma a wannan tafiyar na riga ka." Wata safiya ya roƙi 'Yar Gari ta kai shi kan dutsen da ya saba jefa koma, wai yana so ya ji ƙarar ruwa kusa. Ta zaunar da shi, ya ce ta je ta yi aikinta, in ya gaji zai yi kira. Bai yi kira ba. Can ƙasan kogi aka sami gawarsa, ciyayi sun riƙe ta a wata kwana. Sandarsa na kan dutsen, an jingine ta da kyau, takalmansa a gefenta.

"Zamewa ya yi," in ji Nagaba. Ya faɗa wa liman, ya faɗa wa matar mamacin, ya faɗa wa duk wanda ya zo gaisuwa, da ƙarfi, tun kafin a tambaye shi. Ba wanda ya yi masa gardama.

Nasa hayaƙin ya riga ya fara a lokacin, amma ya ɓoye. Ya haddace inda kowane dutse yake tsakanin gida da gona, yana gane mutane da murya, yana tafiyarsa da sauri kamar kullum. Wata hantsi matarsa ta kai masa ruwa gona ta tarar yana ta noma, gumi na zuba. Kunya guda cur ya bi ya sassare dawar, ya bar ciyawa a tsaye. Ta ajiye ruwan, ta zo ta riƙe ƙotar fartanyar.

"Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun bara."

"Na sani. Kana tsammani turmi da kansa yake kaucewa daga hanyarka? Jira nake ka faɗa da bakinka."

Ya zauna a ƙasa tsakanin shukar da ya kashe, ya lalubi ganyen da ya fara yaushi, ya yi kukan da bai yi ba ranar da ya binne 'yarsa, bai kuma yi ba ranar da aka tsamo ƙanensa. Ta zauna a gefensa har ya gama, sannan ta kama hannunsa suka koma gida, tana gaba yana baya.

Bai iya zaman gindin bishiya ba. Ya sa aka riƙa ɓaro masa ɓawon itace yana jiƙawa yana tufka igiya, wuni guda hannunsa bai tsayawa. Da ta yi yawa ya sa 'Yar Gari ta kafa turaku, suka ja igiyar daga ƙofar gidaje zuwa gonaki, zuwa masallaci, zuwa mashaya. Inda hanya ta rabu ya yi ƙulli ɗaya, inda akwai rami ya yi biyu. Makafin suka koma gona, suna bin igiya da hannun hagu, suna tantance shuka da ciyawa da yatsu, a durƙushe. Abin da suke nomawa bai taka kara ya karya ba, amma ya fi zaman jiran a kawo. Duk da haka garin ya ci gaba da tsukewa. Jinkar ɗakunan waɗanda suka tafi ta rufta, ciyawa ta shiga maƙera, liman ma ya bi ɗansa zuwa wani gari.

Ana haka aka fasa hanya ta kusa da kwarin. Wata rana mota ta tsaya a bakin layi, wata likita ta sauko da ma'aikatanta. Suka kama ƙudaje a kwalabe, suka ɗan yanki fatar mutane suka duba a madubi, suka haska idanun kowa. Da yamma ta tara mutane a gindin bishiya ta yi musu bayani a hankali. Ta ce ƙudan nan a cikin ruwa mai gudu yake ƙyanƙyasa, inda farin kumfa yake. In ya ciji mutum yakan bar masa wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, su ke kawo ƙaiƙayi, su ke hawa har ido. Ta ce akwai ƙwayar magani da za ta kashe ƙaiƙayin ta kare yara, za a kuma zuba wani a kogin. Amma idon da ya riga ya mutu ba zai dawo ba.

Da jama'a suka watse Nagaba ya sa aka kira masa ita. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi a ƙofar ɗakinsa, matarsa na gefe tana tsince wake.

"'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki, kada ki lallashe ni. Akwai tudu can gabas. Da a kansa aka yi gidajen nan fa?"

Likitar ta ce, "Baba, ƙudan yana tashi nesa, can ma zai je. Amma na kan tudu ba sa shan cizo kamar na bakin ruwa. Da abin ya zo da sauƙi."

"Da sauƙi," ya maimaita.

Bayan ta tafi, sai ya ji hannun matarsa ya tsaya a cikin kwaryar waken. Ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ashe saboda ni ne."

"Ke roƙona kika yi? Ni na faɗa, ni na kafa turke. Kada ki ƙara faɗin haka."

Ba ta ƙara faɗa ba, amma daga ranar ta rage cin abinci. Ciwon ƙirji ya kama ta da sanyin shekarar, kafin shuka ta gaba ta rasu. Aka aika wa ɗanta, saƙon bai same shi ba sai bayan watanni.

Maganin ya yi aiki. Ƙaiƙayi ya lafa, ƙudan ya ragu har yara suka tashi ba su san shi ba. Aka gina gada. Da labari ya bazu cewa kwarin ya yi lafiya, mutane suka yi ta kwararowa, waɗanda ba su taɓa jin sunan Nagaba ba, ba su kuma nemi izinin kowa ba sai na ofis. Shaguna suka tashi a inda kufai yake, aka kafa injin niƙa jikin katangar gidansa, manyan motoci suka tsittsinke igiyoyin, ba wanda ya san amfaninsu balle ya ɗaura. Makafin zamaninsa suka yi ta mutuwa ɗai-ɗai. Shi ya rage, da 'Yar Gari, wadda idonta ɗaya ya tsira. Ita ke yi masa wanki, ita ke aske masa kai, ita ke yi masa faɗa in ya ƙi cin abinci. Sababbin mutane na ce masa makahon bayan inji.

Wata ranar rani yana zaune a zaure yana tufka, ya ji sallama. Muryar ta tsufa, amma hannunsa ya tsaya cak.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba."

Injin niƙa na ta ruri a bayan katanga. Nagaba bai ce shigo ba, bai ce koma ba. 'Yar Gari ce ta fito da gudu ta rungume wanta tana kuka tana zaginsa. Ya zama kafinta a wani birni mai nisa, kansa ya yi fari, ya zo da 'ya'yansa, samari da 'yan mata. Suka durƙusa suna gaida kakansu. Tsohon ya miƙa hannu ya riƙa shafa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a kan fatar ido.

"Kina gani?"

"Ina gani, Kaka."

"Sosai?"

"Sosai. Har ina ganin rigarka a bai-bai take."

Ya yi 'yar dariya. Ya shafa ƙwaurin wani daga cikin samarin, ya ji fata sumul. Sannan ya juya fuskarsa wajen da ɗansa yake, ya ce, "Ka yi daidai." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, ranar da bayanta. Ɗan ya nemi a nuna masa kabarin uwarsa, ya daɗe a can shi kaɗai. Da ya dawo ya roƙi uban ya bi shi birni, akwai ɗaki, akwai asibiti kusa. Nagaba ya ce a'a, a nan ya san inda bango yake.

Ya ƙara 'yan shekaru. Ɗan na zuwa in ya sami hali, suna zama a zaure su yi maganar katako da damina, ba sa taɓa abin da ya wuce. Wata ranar kasuwa da azahar 'Yar Gari ta kawo masa abinci ta tarar ya jingina da bango, igiya a cinyarsa, rai ya yi halinsa. Masu ɗaukar makara ba su da yawa, kuma sai da suka tsaya da ita a bakin lungu, domin wata babbar mota ta toshe hanya, direban ya tafi cin abinci. Wani ɗan tireda ya leƙo ya tambayi wa ya rasu, aka ce masa tsohon nan ne mai igiya. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya koma kan cinikinsa.

Zuriyar Nagaba ta yi yawa, amma kusan duk a birni take: akwai kafintoci, akwai direba, akwai malamar makaranta, akwai wadda ke aikin jinya. A kwarin 'Yar Gari ce kaɗai, a ɗakin baya, tela ya buɗe shago a zauren. Gonar bakin kogi na nan tsakanin masu buga bulo da tashar mota. Wan yana so a rabu da ita tunda ba mai nomawa, ƙanwar ta ce sai bayan ranta. Duk zuwan da ya yi sai sun tayar da maganar, su yi ta har muryoyinsu su dushe, tela ya kashe keke ya fito yana ba su haƙuri. Har yanzu ba su daidaita ba, ciyawa kuma ta rufe gonar.